Kujeru Uku na Abuja da Darasin Masu Yaƙi da Cinikin Bayi a Ingila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana mazauna Abuja, musamman matasa. Duk lokacin da Majalisar Tarayya ta yi shelar za ta saurari ra'ayoyin jama'a kan gyaran kundin tsarin mulki, abin da za ka ji a tashar mota da teburin mai shayi shi ne, "Ai sun riga sun gama shirya abinsu, ɓata takarda ne kawai." Ni sana'ata ɗab'i ce, ina da ɗan shago a Garki, da takarda nake ci da iyalina. Maganar nan tana yi mini ciwo, domin na san abin da takarda ta taɓa yi a duniya, kuma na san wurin da ƙarfinta yake ƙarewa. Su biyun nake so in kawo, ta hanyar tarihin wasu mutanen Ingila na sama da shekara 200 da suka wuce.

Ba yabon Turawa ne ya kawo ni ba. Jiragen ruwan Birtaniya sun kwashi 'yan Afirka fiye da miliyan 3 zuwa gonakin rake da taba, da yawansu daga gaɓar Boni da Kalaba aka loda su, kuma da wannan dukiya aka gina biranen Libaful da Biristol. Daga baya kuma da sunan hana bauta suka fake suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903. Duk wannan yana nan, ba mai goge shi. Amma a cikin ƙasar da ta fi kowa cin ribar cinikin a ƙarni na 18 aka samu waɗanda suka ce ba su yarda ba, kuma yawancinsu ba su da ko ƙuri'a.

A 1765 wani ƙaramin akawun gwamnati mai suna Granville Sharp ya je wurin wansa likita a Landan, sai ya tarar da wani saurayi bawa, Jonathan Strong, a bakin ƙofa. Ubangidansa ya jibge shi da gindin bindiga har ya kusa makancewa, sannan ya watsar da shi a titi. Suka yi jinyarsa ya warke, suka sama masa aiki. Bayan shekara biyu ubangidan ya hange shi garau, sai ya sa aka kama shi ya sayar a kan fam 30. Lauyoyi suka gaya wa Sharp doka ba ta tare da shi. Mutumin nan bai taɓa karanta shari'a ba, amma ya duƙufa a kan littattafan doka da kansa har ya tsirar da yaron. A 1772 kuma ya tsaya wa wani bawan, James Somerset, har babban alƙali Mansfield ya yanke cewa ba wanda ke da ikon kama bawa a Ingila ya fitar da shi ƙasar waje da ƙarfin tsiya.

Akwai namu a cikin tafiyar tun daga tushe, kuma wannan ne ba a cika faɗa wa yara a makaranta ba. Olaudah Equiano, wanda ya rubuta cewa a ƙasar Ibo aka haife shi, ya fanshi kansa da fam 40 a 1766. Shi ne ya kai wa Sharp labarin jirgin Zong a 1783. Matuƙan wannan jirgi sun jefa mutane fiye da 130 cikin teku da ransu a 1781, masu jirgin kuma suka nemi kamfanin inshora ya biya su asarar kaya. A kotun Landan maganar kuɗi aka yi, ba wanda aka tuhuma da kisan kai. Ottobah Cugoano, mutumin ƙasar da ake kira Gana yanzu, ya fitar da littafi a 1787 yana neman a soke bautar baki ɗaya, a lokacin da Turawan da ke goyon bayansu ba su wuce maganar hana cinikin kaɗai ba. Equiano ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1789, ya yi ta yawo gari-gari a Ingila da Sikotlan da Ayalan yana sayarwa yana yi wa mutane bayani.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ranar 22 ga Mayu, 1787. Mutum 12 suka zauna a wata maɗaba'a a Landan, ta wani mai ɗab'i James Phillips, suka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi. Tara daga cikinsu 'yan wata ɗariƙar Kirista ne da ake kira Kweka, waɗanda a lokacin ba su da damar zama a majalisa. Ba kuɗi gare su na a zo a gani ba, ba sarauta. Abin da suka riƙe shi ne hujja da injin buga takarda.

Hujjar kuwa wani matashi Thomas Clarkson ne ya nemo ta. Ya hau doki ya yi tafiyar mil kusan 35,000 cikin shekara bakwai, yana shiga mashayar ma'aikatan jirgi, yana zama da likitocin jiragen bayi, yana kwafo rajistar ma'aikata har ya tara sunaye wajen 20,000. Da ita ya nuna cewa cinikin nan yana kashe Turawan da ke aiki a jiragen ma, ya rushe da'awar da ake yi cewa a nan ake horar da sojojin ruwan ƙasa. A shagunan Libaful ya sayi mari da ankwa da wani ƙarfe da ake buɗe bakin bawa da shi in ya ƙi cin abinci, yana nuna wa mutane su taɓa da hannunsu. A garin ne wasu suka nemi tura shi cikin teku. Yana kuma yawo da akwati cike da saƙa da rini da aikin fata na Afirka, don duk wanda ya ce mutanen nan ba su da wayewa ya gani da idonsa.

Sai zanen wani jirgin bayi mai suna Brookes. A matsayina na mai wannan sana'a, ban san wata fasta da ta yi aikin da ta yi ba. Ba ado a jikinta, ba dogon rubutu. Cikin jirgi kawai aka zana, aka jera mutane fiye da 400 a kwance kafaɗa da kafaɗa, kowane namiji an ba shi tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 1 da inci 4. Wannan ma bayan dokar 1788 ta rage lodi ke nan, don jirgin ya taɓa ɗaukar sama da 600. Aka buga dubbai, aka manna a gidaje da mashaya. Wanda bai iya karatu ba ma da ya gani ya gane. Mu nan in zaɓe ya matso injinanmu ba sa hutawa dare da rana, amma fuskoki muke bugawa da kirari. Da wuya ka ga wanda ya kawo aikin da ke nuna wa talaka lissafin abin da aka ware wa mazaɓarsa da abin da ya iso.

Jama'a suka amsa. A 1788 mutanen Manchesta fiye da 10,000 suka sa hannu a takardar koke. Bayan wani ɗan majalisa, William Wilberforce, ya kai ƙudirin hana cinikin majalisa an kayar da shi a 1791 da ƙuri'a 163 da 88, sai mutane suka ƙaurace wa sukarin da bayi suka noma. Clarkson ya ƙiyasta masu ƙauracewar sun kai 300,000, kuma mata ne ƙashin bayan abin, tunda su ke cefane. A 1792 takardun koke 519 suka isa majalisa, abin da ba a taɓa gani ba kan wata magana guda.

To Malam Edita, ga inda ƙarfin takarda ya ƙare. Majalisar wakilai ta ga ba ta iya cewa a'a kai tsaye, sai wani babban minista, Henry Dundas, ya kawo gyara cewa a hana cinikin amma sannu a hankali. Majalisar masu sarauta kuma ta ce sai ta sake sauraron shaidu tun daga farko. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. An daɗe kuwa, shekara 15, kuma a cikinsu an ƙara kwasar dubban ɗaruruwan mutane daga gaɓar Afirka. A 1796 da ƙuri'a huɗu kacal ƙudirin ya faɗi, saboda wasu magoya bayansa sun tafi kallon wasa ba su zauna ba.

Me ya sa majalisa ta iya toshe kunne haka? Sai an dubi yadda ake shigarta. Akwai mazaɓar Old Sarum, wani tudu da mutane suka tashi daga kansa tun tuni, amma yana da wakilai biyu, waɗanda 'yan tsirarun masu filaye ke zaɓa. Akwai Dunwich, garin da teku ta cinye yawancinsa, shi ma wakilai biyu. Manchesta da Bamingam da Lids kuwa, biranen masana'antu masu dubban jama'a, ba su da wakili nasu na kansu ko ɗaya. Ana saye da sayar da kujera a fili. Attajiran da ke da gonakin rake a tsibiran Karibiyan sukan sayi irin waɗannan mazaɓu su zauna su tsare dukiyarsu. Ƙuri'a kuma a bainar jama'a ake faɗinta, mai gidan haya da mai gona suna tsaye suna ji. Shi kansa Wilberforce ya kashe fiye da fam 8,000 kafin ya ci kujerar Hull a 1780. Wato waɗanda suka sa hannu a Manchesta suna kai kuka ne gidan da ba su da kowa a ciki, alhali masu bayin suna zaune a kan kujerun.

Shi ya sa da yawa daga masu yaƙi da bauta su ne kuma masu neman a gyara majalisa. Manjo John Cartwright tun 1776 ya nemi a ba kowane namiji baligi ƙuri'a, a riƙa kaɗa ta a asirce, a daidaita mazaɓu. Da aka kafa ƙungiyar wayar da kai kan tsarin mulki a 1780, Sharp yana tare da su. Shugaban kwamitin yaƙi da cinikin bayi na Manchesta, Thomas Walker, shi ne kuma jagoran masu neman gyaran zaɓe a garin, har 'yan banga suka far wa gidansa a 1792. A Janairun wannan shekara wani mai ɗinkin takalma, Thomas Hardy, ya tara mutum tara a Landan suka kafa ƙungiyar masu sana'ar hannu don neman ƙuri'a, kuɗin shiga kwabo ɗaya a mako, don kada talauci ya hana kowa. A gidan wannan baduku Equiano ya yi zama, kuma shi ya haɗa shi da mutanen Shefild da ya sani a yawon sayar da littafinsa. Hardy ya rubuta wa ɗaya daga cikinsu cewa ya tabbata duk mai neman 'yancin baƙar fata zai nemi haƙƙin farar fata ma, haka kuma akasin hakan. Tsohon bawa daga ƙasarmu da mai ɗinkin takalma a gida ɗaya, suna neman abu ɗaya. Ni wannan ya fi mini duk jawaban da aka yi a zauren majalisa.

Sun biya farashi mai tsada. Da juyin juya halin Faransa ya yi zafi, bayi suka yi tawaye a Haiti a 1791, yaƙi kuma ya ɓarke da Faransa a 1793, sai gwamnati ta mai da duk mai neman gyara maƙiyin ƙasa. Aka kama Hardy a 1794 bisa zargin cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Yana tsare 'yan banga suka kai wa gidansa hari, matarsa mai tsohon ciki ta ji rauni wajen tserewa, daga baya ta rasu wurin haihuwa. Kotu ta wanke shi a Nuwamba, amma a 1795 aka yi dokokin hana taro. A ranar 16 ga Agusta, 1819, mutane wajen 60,000 suka taru a wani fili a Manchesta, da mata da yara, suna neman wakilci. Sojojin doki suka afka musu da takubba, aka kashe aƙalla 15, ɗaruruwa suka jikkata. Ina girmama Wilberforce a kan naci da juriyarsa, amma gaskiya ita ce ya goyi bayan dokokin danniya da suka biyo bayan wannan kisa. Ya ji kukan bawan Jamaika, bai ji na masaƙin Manchesta ba. Muna da irinsa da yawa, masu tausayin na nesa.

An hana cinikin a 1807, da ƙuri'a 283 da 16. Amma waɗanda ke cikin bauta a gonaki, kimanin 800,000, suna nan yadda suke har wata shekara 26. Wata mata, Elizabeth Heyrick, ta fito a 1824 ta ce a daina maganar sannu a hankali, a 'yanta su nan take, ƙungiyoyin mata suka bi bayanta har suka tilasta wa mazan canza matsayi. A ƙarshen 1831 bayi dubbai suka tashi a Jamaika ƙarƙashin Samuel Sharpe, aka murƙushe su, aka rataye shi da ɗaruruwan mabiyansa. Sai a Yunin 1832 aka yi dokar gyaran majalisa, aka soke mazaɓun bogi 56, aka ba Manchesta da sauran birane kujeru. Masu gonakin rake suka rasa kujeru da dama. A zaɓen da ya biyo baya masu fafutuka suka riƙa tsare 'yan takara a gaban jama'a, kowa ya faɗi matsayinsa kan bauta kafin a ba shi ƙuri'a. Sabuwar majalisar ba ta cika shekara guda ba ta zartar da dokar soke bauta, a Agustan 1833. Abin da aka yi shekara 45 ana roƙo, ya samu cikin watanni da aka canza masu zama a kujerun. Ko a nan ma ba a yi adalci cikakke ba: fam miliyan 20 aka biya diyya, kuma masu bayin aka ba, bayin ba su samu ko kwabo ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aikin kyauta har 1838. Talaka mai aikin hannu bai samu ƙuri'a a 1832 ba, ƙuri'ar sirri sai 1872, mata kuwa sai 1918.

Mu ma ba mu da bakin yi wa kowa gori kan bauta. Ƙabilun da ke kewaye da wannan birni sun san dalilin da ya sa kakanninsu suka gina ƙauyuka a kan duwatsu, kuma ba a soke bauta a dokance a Arewa ba sai 1936. Neman ƙuri'ar talaka ma mun san shi. Matasa takwas ne suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agustan 1950, aka ɗaure su, aka yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta sha kurkuku sau da dama, kuma matan Arewa ba su yi zaɓen tarayya ba sai 1979. Duk wanda ya ce fafutukar talaka ɓata lokaci ce, da guminsu yake riƙe da katin zaɓensa.

Yanzu mu dubi Abuja. Kundin tsarin mulki ya ba kowace jiha sanata uku, ya ba Babban Birnin Tarayya ɗaya. A cikin kujeru 360 na Majalisar Wakilai biyu ne namu, ɗaya ta ƙaramar hukumar birnin Abuja (AMAC) da Bwari, ɗaya ta Abaji da Gwagwalada da Kuje da Kwali. Ba mu da gwamnan da muka zaɓa, ba mu da majalisar dokoki tamu. Sashe na 299 ya ce Majalisar Tarayya ce ke yi mana doka, wato mutum 469 ke yanke yadda za mu zauna, uku kawai muke iya tambaya ranar zaɓe. A rajistar zaɓen 2023 Abuja tana da masu ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da rabi. Bayelsa da ke da kaɗan sama da miliyan ɗaya tana da sanata uku da wakilai biyar. Ekiti da ba ta cika miliyan ba tana da sanata uku da wakilai shida. Ba ina cewa a rage musu ba ne, haƙƙinsu ne. Amma tun 1996 ba a sake shata mazaɓun tarayya ba, alhali sashe na 73 ya tanadi a riƙa duba su, kuma kowa ya san yadda Kubwa da Lugbe da Karu da Gwagwa suka tumbatsa tun daga lokacin. Ban ce halinmu ɗaya da na bayi ba, Allah ya kiyaye in haɗa su. Halinmu na mutanen Manchesta ne. In rusau ya zo, ko kuɗin haya ya fi ƙarfin ma'aikaci, ko Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara suka tayar da maganar gonakin kakanninsu da aka karɓa tun dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, ko aka kwaso yarinya daga ƙauye aikatau ana karɓe albashinta ba ta san ko nawa ba ne, wa zai tashi a zauren ya ce mutanena ne? Mutum uku ba za su iya ɗaukar wannan kaya ba ko da waliyyai ne.

Kuma mun ga abin yana yiwuwa a nan gida. Matasan da suka nemi a rage shekarun tsayawa takara sun bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, suna wallafa sunan wanda ya yarda da wanda ya ƙi, har aka sa wa dokar hannu ranar 31 ga Mayu, 2018, shekarun takarar Majalisar Wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwar Wuse da Dei-Dei, da direbobi, da masu Keke, da teloli, da mu masu ɗab'i, da limamai da fastoci, da sarakunan gargajiya na yankin nan. Kowace ƙungiya tana da rajistar mambobi, tana karɓar kuɗin mako. A ware wani abu daga ciki a nemo alƙaluman masu rajista na kowace gunduma daga hukumar zaɓe, a zana su a takarda guda yadda mai talla zai gane, da Hausa da Gbagyi da Turanci. A rubuta koke kan buƙata ɗaya tak, ƙarin kujeru da majalisar da za mu zaɓa da hannunmu, kowa ya sa hannu da sunansa da rumfar zaɓensa. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, kafin a karɓi taliya ko atamfa a tambaye shi matsayinsa a gaban jama'a, a rubuta. Ni dai na ɗauki alkawarin buga takardun sa hannun ƙungiyarmu ba tare da karɓar kuɗin aiki ba.

Kai kuma Malam Edita, roƙona gare ka biyu ne. Ku riƙa sanar da mu rana da wurin zaman sauraron ra'ayi tun da sauran lokaci, da yadda ake miƙa takarda, domin sau da yawa sai an tashi muke ji. In kuma aka zo kaɗa ƙuri'a kan abin da ya shafi Abuja, ku buga mana sunayen 'yan majalisar ɗaya bayan ɗaya: wanda ya ce e, wanda ya ce a'a, da wanda bai zo zaman ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai sana'ar ɗab'i,
Garki, Abuja.